Baba, Makullin Coci da Korarren Cikin Gem

Na manta sunayen yawancin ɗaliban da suka yi ta zarya a shagon gem ɗina na garin Gidan Waya, kusa da Kafanchan, na manta har kalar fentin ƙofar. Amma yinin da mahaifina, tsohon da ko wayarsa sai an danna masa, ya zauna ya buga gem ɗin faɗa, wannan kam yana nan a raina har in koma ga Ubangiji.

Daga coci abin ya taso. Baba yana cikin waɗanda suka gina cocin ƙauyenmu, can gefen Madakiya. Da kansa ya yi dakon tubali, da kansa ya hau ya buga kwano. Tun ina yaro makullin cocin yana hannunsa, shi ke buɗewa, shi ke buga ƙararrawa, shi ke rufewa. Dattijon ekklisiya ne wanda in ya yi gyaran murya mawaƙa sukan rage sauri. Ana nan sai aka kawo mana sabon fasto, matashi, sa'an yayana. Ya zo da kibod da manyan sifika, ya ce za a riƙa raba sujada, rabi Hausa rabi Turanci, domin matasa suna ta gudu zuwa cikin Kafanchan. Baba ya ce ba dai a ginin da ya yi wa gumi ba. Dattawa suka zauna, aka ɗaga hannu, aka rinjaye shi. Ranar Lahadi jama'a suka zo suka tarar da ƙofa a garƙame, Baba kuwa yana gonar cittarsa da makulli a aljihu. A gindin mangwaro aka yi sujada ranar, yayyafi yana sauka a kan tsofaffi da jarirai.

Aka fasa kwaɗon, aka sayo sabo, aka sa Baba a horo. A wurinmu wanda aka sa a horo ba a kore shi ba ne. Zai zo sujada, amma a bencin baya zai zauna, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa, ba ya magana a taro, har sai ya miƙe gaban jama'a ya roƙi gafara. Baba ya ce shi da bencin baya sai dai a lahira. Ya daina zuwa coci gaba ɗaya, ya zura tsohon makullin a igiya ya rataya a wuya. Makullin da babu ƙofar da yake buɗewa a duniyar nan.

Da fushin kawai ne da mun bar shi da abinsa. Amma Baba yana da hawan jini, ya taɓa yanke jiki ya faɗi a gona. Kowa kuma ya san ƙa'ida: wanda ya mutu cikin horo ba a shiga da gawarsa coci, addu'a ce kawai a bakin kabari a watse. Wannan ne ya hana Mama barci. Matar da ta yi rayuwarta a ƙungiyar zumuntar mata ta coci, ta raka gawar mazajen mutane da waƙa, a ce nata mijin za a binne shiru kamar ɓarawon akuya. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi azumi. Kawunnai suka zo, tsohon fastonmu ya zo daga Gwantu a kan babur ya ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Baba ya yi kunnen uwar shegu da kowa. Da surutun ya ishe shi sai ya tattara kayansa ya taho wurina, wai zai riƙa ganin likita a Kafanchan. Sau biyu ya ga likitan. Sauran watannin a kan kujerar roba ya yi su, a bakin ƙofar shagona.

Ba zan ɓoye ba, na gaji da shi. Na gama kwaleji ban sami aikin koyarwa ba, na haɗa telebijin uku da jenareta ina lallaɓa rayuwata, ga tsoho zaune a ƙofa yana hararar duk wanda ya shigo da wando a ƙasan ɗuwawu. Mama kuma kullum waya: "Ka yi masa magana?" Me zan ce masa da manya ba su faɗa ba? Muka koma gaisuwa kawai, da "ga abinci".

A lokacin akwai wani gem ɗin faɗa da ɗalibai ke mutuwar so. Babban mugun cikinsa wani tsoho ne mai fuska kamar toka, da yagaggiyar alkyabba. A labarin gem ɗin, da can yana cikin alloli, ya so ya mallake komai shi kaɗai, 'yan'uwansa suka jefo shi ƙasa. Sunansa na ainihi yana karya harshe, don haka a shagon "Korarre" muke ce masa.

Ranar wata Alhamis ce da rana, ruwan sama ya hana mutane fitowa. Ɗalibai biyu ne kawai a ciki, feshin ruwa kuma ya koro Baba daga ƙofa ya jawo kujerarsa bayansu. Ya daɗe yana kallo, sai na ji muryarsa.

"Wannan tsoho, mene ne laifinsa da kuke duka shi haka?"

Ɗayan, wani dogo ɗan ajin ƙarshe, ya ce, "Ah Baba, wannan ba ƙaramin mutum ba ne o. Da a sama yake, babba ne sosai. Ya ce shi kaɗai zai riƙe wurin, sai sauran suka haɗa kai suka turo shi ƙasa. Tun lokacin yana neman hanya ya koma."

Yaron bai san komai game da gidanmu ba, amma sai ka ce aiko shi aka yi. Na shiga goge teburin da ba shi da datti.

"Su nawa suka haɗa masa kai?"

"Dukansu, Baba."

Baba ya yi ƙwafa. "Haka suke yi. Ba ni abin nan."

Ya karɓi abin dannawar ya riƙe shi da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Suka zaɓa masa Korarre, suka nuna masa inda ake naushi da inda ake shuri. Dogon ya yi niyyar raga masa, amma Baba bai ma san gaba daga baya ba, tsohon nasa sai tsalle yake yi a wuri ɗaya yana naushin iska. Aka kayar da shi. Ya ce a sake. Aka sake kayar da shi. Ban ƙirga ba, amma sai da gumi ya jiƙa masa wuyan riga, igiyar makullin ta fito tana lilo a ƙirjinsa. Ɗaliban da suka fara da dariya suka daina.

Can ya aje hannunsa a cinya yana haki. "A ƙarshen labari, ya koma saman?"

"Ba ya komawa," in ji dogon. "Kowane sabon gem in ya fito, zai dawo da sabon dabara, a sake bubbuge shi. Tun ina firamare ake duka mutumin nan."

"Bai gaji ba?"

"Ai shi ba ya tsufa, Baba."

Baba ya juya abin dannawar, ya duba gabansa, ya duba bayansa, yana shafa maɓallan da babban yatsa. "To duk cikin wannan, ba inda za a danna ya ce musu a yi haƙuri?"

Ɗaliban suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Gajiyar watanni ce ta taso mini, kukan Mama a waya, zaman kurame da muke yi a ɗaki ɗaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Babu, Baba. Waɗanda suka yi shi ba su sa masa ba. Amma kai wanda ya yi ka ya sa maka."

A gidanmu ɗa ba ya yi wa uba irin wannan magana, balle a gaban baƙi. Na tsaya ina jiran mari, kuma da ya zo da ban kauce ba. Ɗaliban suka sulale cikin ruwan. Baba ya kalle ni ya daɗe, sannan ya koma ga telebijin, inda tsohon nan yake kwance yana jiran a danna ya sake tashi.

"Mamanka ne ya koya maka wannan?"

"A'a, Baba."

Ya miƙa mini abin dannawar. "Kashe jenareta, kana ƙona mai a banza." Sai kuma a hankali, kamar da kansa yake magana, da yarenmu: "Ni kam na gaji."

Ranar Asabar da safe ya hau babur ya tafi ko sallama babu. Na kasa zama, Lahadi da sassafe na bi shi ƙauye. Na shiga coci na hango shi a bencin baya, shi kaɗai, da rigarsa ta Kirsimeti, ya miƙe wuya yana kallon bango. Mama tana cikin zumuntar mata, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

Da lokacin baiko ya yi, wato ba da sadakar coci, aka fara fita layi-layi ana taka rawa zuwa gaba. Baba ya jira kowa ya gama. Sannan ya taso, ba rawa, ba sauri, ya isa gaban kwanon baiko, ya cire igiyar daga wuyansa ya saki. Ƙarar makullin a cikin kwanon ta sa mai kibod ya ɗaga hannu. Baba ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Na bar ku cikin ruwa, ku da yara. Gidan ba nawa ba ne. Ku yi mini gafara."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Fasto ya sauko zai rungume shi, Baba ya miƙa masa hannu kawai.

Kada ku ɗauka ya zama wani sabon mutum. Ba a mayar da shi dattijo ba, bai kuma nema ba. Kibod ɗin nan bai taɓa yafe masa ba, da auduga a kunne yake zuwa sujada, ya zauna a tsakiya yana ɓata rai. Ni da shi ba mu taɓa tada maganar shagon ba. Bayan an haƙe cittar shekarar da ta biyo ya sake faɗuwa, wannan karon bai tashi ba. Aka shiga da shi ta ƙofar da ya taɓa garƙamewa, zumuntar mata suka cika gaba da ankonsu, Mama a tsakiya tana waƙa tana hawaye. Da kibod aka raka shi, na kuwa san da yana ji da ya yi tsaki.

Na daɗe da rufe shagon, yanzu ina koyarwa. An ce gem ɗin ya sake fitowa, Korarre ya dawo, ana ta dukansa kamar kullum. Shi yana da lokacin yin taurin kai, tunda ba ya tsufa, ba shi da mata da ke jiransa a gida. Mu ba haka aka yi mu ba. Abin da na koya a yinin nan shi ne, in mutum ya ji ya gaji da riƙon fushi, kada ya ji kunya, ya sauke tun yana da ƙafar zuwa gaban mutane da kansa.