Aljihu na Sha Huɗu

Sajan Munzali Ashafa ba ya ƙirga abu a zuci. Ko lemo ya sayo a kasuwar Chow Kit, sai ya jera shi a kan tebur ya ƙirga da ƙarfi, yana dangwalar kowanne da ɗan yatsa. Shekara uku muka yi maƙwabtaka a hawa na tara, ƙofarsa tana kallon tawa, kuma shekara ukun nan ban fasa yi masa tsiya a kan wannan hali ba. Ni Sirajo, karatun digiri na uku ne ya kawo ni Kuala Lumpur, karatun da har yau in aka tambaye ni nakan ce ya kusa. Shi kuwa sana'a ce ta kawo shi, irin wadda ban taɓa jin Bahaushe yana yi ba: naɗe laimar da mutane ke dirowa da ita daga jirgin sama.

A soja ya koya, can gida, shekara goma sha ɗaya yana naɗe wa sojojin laima. Da ya ajiye kaki, sai wani ɗan Malesiya da suka taɓa aiki tare, Encik Hassan, wato Malam Hassan a yarensu, ya nemo shi. Hassan yana da kulob na masu biyan kuɗinsu don a hau da su sama su faɗo saboda nishaɗi, abin da har gobe ban gane ba. Filin jirginsu yana can jihar Johor, tafiyar awa uku, amma ɗakin aikin Sajan yana nan bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman, a saman wani shagon yadi. Takardar zamansa a ƙasar, da ta matarsa Bashira, da ta 'yarsu Khaulah, duk a jikin aikin nan suke rataye.

Sau ɗaya ya bar ni na shiga ɗakin, bayan ya sa na cire takalmi da agogo. A ranar ya yi min bayani. Kowane mai dirowa laima biyu yake goyawa a jaka ɗaya. Babbar, mai dirowar ne yake naɗe abarsa. Ta biyun, ta ko-ta-kwana, wadda ake ja idan babbar ta ƙi buɗewa, ba mai taɓa ta sai mai lasisi irin Sajan. Duk wata shida sai an warware ta, an duba igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, an sake naɗewa, ko da ba a taɓa amfani da ita ba. In ya gama sai ya ɗaure bakin da jan zare, ya matse 'yar dalma a kai da filaya mai tambarinsa, ya sa hannu a kati.

Kayan aikinsa goma sha huɗu ne, a cikin wani kanbas da ya ɗinka da kansa mai aljihu goma sha huɗu. Kafin ya fara sai ya ƙirga, in ya gama sai ya ƙirga. Na ce, "Sajan, wa zai sace maka wannan tarkacen?"

Bai yi dariya ba. Ya zaro wani jan maɗauri daga aljihun ƙarshe, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. "Malam Sirajo, ka ga wannan? Da shi nake tsuke tsakiyar laima kafin in cusa ta a buhunta. In na manta shi a ciki, laimar za ta fito, amma ba za ta buɗe ba. Kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka buƙace ta. Ba don ɓarawo nake ƙirgawa ba."

Ranar sha bakwai ga Maris, jajibirin kullen korona, garin nan kowa ya haukace. Laima ɗaya ta rage masa, ta wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zahra, wadda ta yi shekara huɗu ba ta yarda kowa ya naɗe mata sai shi. Motar Hassan tana ƙasa tana ta hon, za ta kwashe jakunkunan zuwa Johor kafin a rufe hanya. Bashira ta kira sau uku, shinkafa ta ƙare a gida kuma layi a kasuwa ya kai titi. Ya gama, ya matse dalmarsa, ya sa hannu, ya miƙa jakar. Ya naɗe kanbas ɗinsa ya sa a hammata ya ruga kasuwa. Shekara ashirin yana aikin nan, ranar ce kaɗai bai ƙirga ba.

Sai da aka yi sati uku a kulle, zaman gida ya ishe shi, ya shimfiɗa kanbas ɗin don ya goge ƙarafan. Ya ƙirga, ya tsaya a sha uku.

Wannan duk daga baya na sani. Abin da na gani a lokacin shi ne mutum yana ramewa a gabana. Muna gaisawa daga bakin ƙofa zuwa bakin ƙofa, kowa da takunkuminsa, na ga idanunsa sun faɗa. Na ɗauka zaman banza ne ke cinsa, don mu duka yana cinmu. Mutum ɗaya ake bari ya fita daga kowane gida, shi ma sayen abinci kawai. Daga tagata ina hango jirgin ƙasan cikin gari, monorel, yana wucewa ba kowa a ciki. Masallaci a rufe, azumi ya zo ya wuce muna salla a tsakanin kujera da firji.

Abu biyu yake juyawa a ransa. Ko dai maɗaurin ya faɗi a ƙasa a ɗakin aiki, ko kuma yana cikin laimar Zahra. Ɗakin aikin bai fi tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa ba, amma cutar ta yi yawa a unguwar, an zagaye ta da waya mai ƙaya, sojoji a bakinta. Sau biyu yana zuwa har gaban wayar da ledar cefane a hannu, ya tsaya yana hango tagar ɗakinsa, ya juyo. Baƙo mai baƙar fata ba ya doguwar tsayuwa a irin wurin nan a kwanakin.

Da aka cire wayar ya samu ya shiga. Ya share ɗakin sau uku, ya ɗaga kafet, ya ja keken ɗinki, ya zazzage kwandon shara. Babu.

To, me ya hana shi ɗaukar waya tun ranar? Ni ma na tambaya, kuma amsar ba ta da daɗi. Mai naɗe laima da ya bar kayan aiki a ciki ya gama sana'a. Dole Hassan ya kai rahoto, lasisi ya tafi, takardar zama ta bi shi. Khaulah a nan ta yi wayo, in ka yi mata Hausa da Malayanci take ba ka amsa. Sai ya yi wa kansa dabara. Wa'adin laimar zai cika a watan Satumba, za a dawo masa da ita, ya buɗe shi kaɗai, ya zare maɗaurinsa, shi ke nan. Muddin ana kulle, ba mai dirowa. Sai ya zama duk gidan nan mai hawa ashirin muna addu'ar a buɗe gari, mutum ɗaya a cikinmu yana roƙon Allah kada a buɗe.

Aka buɗe a watan Yuni. Farkon Yuli Hassan ya aika wa 'yan kulob saƙo: ranar Lahadi mai zuwa jirgi zai tashi.

Sajan ya gwada ta bayan gida. Ya kira Hassan ya ce laimomin sun daɗe a ajiye cikin danshi, a turo masa ya sake dubawa. Hassan ya ce dalmar kowacce tana nan lafiya, wa'adi bai cika ba. Ya kira Zahra ya ce zai sake naɗe mata kyauta. Ta yi dariya, muryarta duk gajiya, ta ce wata huɗu tana cikin rigar leda a asibiti, ba abin da take mafarki sai ranar Lahadin nan. "Ba komai lah, Abang Munzali," in ji ta, wato Yaya Munzali. "Hannunka ne. Na yarda da shi."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Muka sauka kedai ɗin mamak, shagon shayi da abinci da ke ƙasan gidanmu, aka kawo mana shayi, bai taɓa nasa ba. Nan ya kwashe komai ya faɗa min.

Zan faɗi abin da na ce masa, ko da yake ina jin kunyarsa har yanzu. Na tambaye shi sau nawa ake buƙatar ta ko-ta-kwanar. Ya ce wani sai ya diro sau ɗari biyar bai taɓa ta ba. Na ce, "To Sajan, mene ne na tayar da hankali? Satumba fa saura wata biyu. Sau nawa za ta diro kafin nan? Ka yi shiru lah, ka yi ta addu'a. Ka tuna da family ɗinka."

Ya dube ni ya daɗe. Da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. "Lissafin nan na yi shi tun kafin ka yi," ya ce. "Kullum yana fitowa daidai. Shi ya sa nake tsoronsa."

Muka hau sama tare. Ƙofarsa a buɗe, ya ce in shigo. Bashira tana zaune a ƙasa a tsakiyar falo, akwati biyu a buɗe a gabanta, tana ninke zannuwa. Kanbas ɗin yana shimfiɗe a kan tebur, aljihun ƙarshe a fili.

Sajan ya ce, "Maman Khaulah, mene ne wannan?"

Ba ta ɗago ba. "Baban Khaulah, wata uku kana ƙirga abin nan kana tsayawa a sha uku. Ka ɗauka ba na ji? Ni ban san ko a laimar waye yake ba, ban kuma son in sani. Amma na san me aljihun nan yake ɗauka, don ni na sayo maka jan yadin da ka ɗinka maɗaurin da shi." Ta danna zani a cikin akwatin. "Zafin Kaduna bai taɓa kashe kowa ba. Ka kira mutane."

Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na lokacin ba. Ni da karatuna, na zauna a kan shayi ina raba ran baiwar Allah gida ɗari biyar.

A gabanmu ya kira Hassan. Bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi rana, ya faɗi lambar jaka, ya ce kada kowa ya taɓa ta sai ya zo.

Ranar Asabar na raka shi Johor a motar haya, don na ga bai kamata ya tafi shi kaɗai ba. A rumfar jirgin aka shimfiɗa tabarmar roba. Hassan yana tsaye ya harɗe hannu, Zahra tana gefensa, ƙaramar mace, takunkumi ya bar mata shaida a karan hanci. Sajan ya miƙa mata jakar ya ce ta goya, ta ja hannun ko-ta-kwanar da kanta, haka ƙa'ida take. Ta ja. Jan zaren ya tsinke, dalmar mai tambarinsa ta faɗi ƙasa. Ya durƙusa ya zare buhun, ya jawo farar laimar a hankali. Ga shi nan a tsakiyarta, a tsuke tam, yadda ya ɗaure shi.

Zahra ta tsuguna, ta kwance maɗaurin da hannunta, tana juya shi. Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Sajan ya ciro filayarsa mai tambari daga aljihun riga ya ajiye a gaban Hassan. Hassan ya ce, "Munzali, ka san dole in rubuta." Ya ce ya sani.

Haka aka yi. Lasisi ya tafi, takarda ta bi shi. Abin haushin, sai tafiyar ma ta gagara, don jiragen zuwa gida ba su dawo aiki sosai ba. Wata biyu da rabi suka yi da akwatuna a ɗaure a falo, yana zuwa sabunta takardar wucin gadi, ba aiki, ba tafiya. Amma ya mayar da ƙibarsa, wannan na gani da idona. Zahra ta zo sau ɗaya da ledar 'ya'yan itacen rambutan. Ba ta daɗe ba, kuma ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai nema ba. Abu ɗaya ta roƙa, a bar mata maɗaurin.

Ranar da za su tafi, da hantsi, ina taya su fitar da kaya. Ya tsaya a falon da ya zama fayau, ya shimfiɗa kanbas ɗin a ƙasa. Na buɗe baki zan yi tsiyar da na saba, na kasa. Hassan ya mayar masa da filayar bayan an goge tambarin, tana aljihunta. Ya fara da ƙarfi, yana dangwalar kowanne, har ya kai sha uku. Ya zura yatsa a aljihun ƙarshe ya ɗan tsaya.

Na ce, "Saura ɗaya, Sajan."

"A'a, sun cika," ya ce, yana naɗe kanbas ɗin. "Na sha huɗun yana wurin Zahra. A hannunta yake, ba a bayanta ba."