Basir Ɗin Gidanmu

A gidanmu basir gado ne, kamar gonarmu ta bayan Kamarawa. Kaka ya yi shi, Baba ya yi shi, Gwaggo ta yi shi ba ta taɓa faɗa ba. Mutum ya ga jini a bayan gida, ya sayo jiƙo a kasuwar Sabon Birni wurin mai lasifika, ya rame, a sallace shi, a ce kwana ya ƙare.

Ni kuwa malamin ilimin halittu ne a Isa. Da wake fari da ja nake nuna wa yara yadda ɗa ke ɗauko abin uba. Darasi mai daɗi, muddin wake ne.

Sai da babban yayanmu ya kwanta a Sakkwato likita ya zaunar da ni. Ba basir ba ne, in ji shi, ciwon dajin hanji ne, kuma akwai irinsa mai bin jini. Ba kowane ɗa ke ɗauka ba, amma duk ɗan gidan a leƙa hanjinsa da na'ura tun tsiro bai rikiɗe ba. Aka leƙa nawa, aka cire wani abu kamar ƙwayar wake. Yaya bai dawo gida ba.

Saura autanmu, mai kai kaya Nijar ta Burkusuma. Matarsa ta gaya wa matata, matata ta gaya mini: jini.

Na same shi a tasha yana ɗaure buhuna a babur, na yi masa maganar jinin da ta na'ura.

"Malam, sirdi na," ya ce. "Duk mai babur na da shi."

"Baba wane babur ya hau? Jakinai ko giya ko birki ba shi da."

Ya yi dariya har ya dafe ciki, hannun kuma ya daɗe a wurin.

"To, na'urar ta ina suka sa ta?"

Na faɗa masa.

"Kuma ka yarda anka yi maka wanga abu? Boko bai yi ba! Ni da mutuncina za ni gaban Allah."

Na riƙe kan babur, na durƙusa a gaban ƙanen da na goya.

"Subhanallahi! Yaya, tashi, mutane na kallo."

"Ba ni tashi."

"In na dawo. Wallahi in na dawo."

Ya ɓamɓare yatsuna a hankali, ya buga babur. Da ya ɗaga ƙafa na ga wandon ya yi masa yawa, ya ƙara masa igiya a ƙugu. Haka Baba ya ɗaure nasa a daminarsa ta ƙarshe.