Malam Bobbo da Furen da Safiyanu Ya Bari

Kafin masu rake su fara jera kaya a bakin titin Makarfi, Malam Bobbo ya riga ya jingine kekensa a katangar makarantar da yake yi wa aikin lambu. Ba ya fara ban ruwa sai ya zagaya. Yakan tsuguna gaban kowace shuka, ya cusa yatsa cikin ƙasa, ya ciro ya duba. Wadda ba ta jin ƙishi wuce ta yake yi, ko da shugaban makaranta na tsaye yana kallo. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki saboda idanunsa sun gaji. Ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba, shi ya sa na ce bari in kira shi a takarda.

Mai gadin makarantar zai ba ka labarin shekarar da famfo ya lalace, Malam Bobbo ya yi wata biyu yana jigilar jarkoki a keke daga fadama, ko shuka ɗaya ba ta mutu ba. Ni nawa labarin na cikin gida ne, kuma ni ne mai laifi a ciki.

Yayana Safiyanu, ɗan farin Innarmu, direban motar kaya ne. Shekara guda kafin hatsarin da ya yi ajalinsa, ya dawo daga Jos da wata 'yar shuka a baƙar leda, an ɗaura mata takarda da sunanta, viburnum. Mai sayarwa ya ce masa 'yar aure ce, iri biyu aka haɗa aka same ta, kuma ba ta son zafin rana. Muka yi ta yi masa dariya, ya kwaso abin da ba a ci, ba a miya da shi. Ya dasa ta bayan ɗakin Inna a gidanmu na Nasarawan Doya, inda inuwar mangwaro ke sauka.

Inna Indo mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, "yaron nan" take cewa. Ranar da aka kawo gawarsa ba wanda ya ga hawayenta. Amma tun daga ranar, ragowar ruwan butarta a gindin shukar nan yake ƙarewa. In sanyi ya wuce shukar ta fitar da fararen furanni dunƙule-dunƙule, sai Inna ta jawo tabarma kusa, ta ce wai nan ya fi iska.

Ni na sare mangwaron don in gina ɗaki. Rana ta samu hanya, ganyen shukar ya fara ƙonewa. Sai na yi abin da ɗan Makarfi ya sani: na zuba mata takin zamani kamar masara, na sare rassanta, na yanka gaɓa-gaɓa na binne a kwance kamar rake. Duk suka ruɓe. Uwar ta koma sanduna, saura reshe ɗaya mai ganye can ƙasa. Inna tabarmarta kawai ta naɗe ta shige ɗaki, tuwonta ya fara dawowa rabi. Wallahi da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Da aka kwatanta mini Malam Bobbo na je na roƙe shi, ranar Asabar ya zo. Bayan ya gaisa da Inna daga bakin ƙofa, ya tsuguna ya daɗe yana kallon ɓarnar.

"Wa ya ba ta taki?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya binne rassan?"

"Ni ne."

"Kai ɗin dai. Abdulrahman, rake ko jefar da shi ka yi sai ya tsiro. Wannan kuwa ba ta rabuwa da uwarta sai ta yi saiwar kanta."

Na ce ko in nemo wata daga Jos. Ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Je ka nemo, ka ga ko ita za a shimfiɗa wa tabarma."

Ya lanƙwaso reshen nan a hankali har ya taɓa ƙasa. Ya ɗan kankare bawon cikinsa da wuƙa, ya danne shi da ƙaramar gwafa, ya rufe wurin da ƙasar gindin tsamiya da ruɓaɓɓen kashin shanu, ya bar kan reshen a waje. Ya kafa zana ta tare rana. Ya ce uwar ba za ta tashi ba, amma za ta shayar da wannan har ƙarfinta ya ƙare.

Kai ne, Baba, ka yi wata bakwai kana taka keke zuwa gidanmu duk Asabar, ana ruwa ana rana, don reshe ɗaya da bai kai tsawon hannu ba. Kai ne ka hana ni tona ƙasar in leƙa, har sau uku. Ba ka san Safiyanu ba, ba ka taɓa tambayar Inna komai ba, amma ka gane. Duk zuwa sai ka ce mata, "Inna, ni idona ba ya gani sosai, zo ki duba mini ko ya yi sabon ganye." Da wannan dabara ka fito da ita daga ɗaki.

Bayan damina uwar ta bushe ƙaf. Malam Bobbo ya ja reshen kaɗan, ya ji ƙasa ta riƙe shi. Sai ya goge wuƙarsa a riga ya miƙa wa Inna.

"Ya yi saiwa. Ke za ki yaye shi."

Inna ta tsuguna, ta yanke tsakanin busasshiyar da ɗanyen. Ta daɗe ba ta tashi ba.

Mun gode, Baba, mai haƙurin jiran saiwa. Allah Ya ba ka lafiyar ido, Ya sa inuwar da ka dasa ta tare ka gobe kiyama. Ku kuma masu irin gaggawata, in abu ya fara mutuwa a hannunku, ku nemi irin su Malam Bobbo tun suna kusa, ku zauna ku koya kafin su tafi da abin da suka sani.

Bana shukar ta yi furenta na farko, dunƙule biyu kacal. Inna ta tsinki ɗaya, ta sa na kai ta Makarfi a babur. Malam Bobbo bai iya ganinsa sosai ba, sai ya kai hanci ya shaƙa, ya tambaye ta ko shi ne irin na da.

Inna, wadda ban taɓa jin sunan a bakinta ba tun da aka haife ni, ta ce, "Shi ne, Malam. Na Safiyanu ne."