Ranar da Na Jawo Sabuwar Jif ta Ƙofar Kibo

A shekarun da nake jigilar gishiri da kananzir zuwa kasuwannin ƙauye, masu jif a birnin Zariya ba mu da yawa, duk mun san juna. Matattararmu garejin wani bakanike ne a bakin Ƙofar Kibo, ƙarƙashin durumi. Akwai 'yan kasuwa irina, akwai masu sayen auduga, akwai kuma wani malamin makaranta Kirista daga Wusasa da ya sayi tasa a hannun Turawan mishan. Motocin duk tsohon yayi ne, iri ɗaya sak: rufin tamfol, kujera kamar benci, da ragar ƙarfe a gaban lagireto wadda muke kwancewa mu gasa masara a kai in yunwa ta kama mu a daji. Tawa ta fi ta kowa tsufa. Ƙofar direba da igiya nake ɗaure ta, in kuwa na tashe ta da safe duk unguwa sai ta sani.

Ba mu da sarki ba mu da sakatare, amma muna da doka guda wadda ba mai taka ta. Kowa yana yawo da sarƙa a bayan kujera. In ka tarar da ɗan'uwa ya kafe a taɓo, dole ka tsaya ka ja shi, ko da jiya kun zagi juna. In injinsa ya sha ruwa ya ƙi tashi, ka jawo shi har cikin gari. Da damina wannan sarƙar ce rufin asirinmu, don hanyoyin bayan Kufena ba su san girman kowa ba.

Babba a cikinmu wani Alhaji ne, ɗan unguwarmu, ya girme ni kaɗan. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, a gidanmu ya yi rabin rayuwarsa. Tuwon Innata ya ci ya yi ƙashi, ita ta yi masa jinyar ƙyanda, Inna yake ce mata kamar yadda nake ce mata. Ni kuma Yaya nake ce masa, har bayan ya je Makka ya dawo.

Shekarar da kuɗi suka yi yawa a hannun mutane, sabon yayin jif ya shigo. Alhaji ne ya fara saye. Ya kawo ta gindin durumi da hantsi, koriya shar, ko ledar kujera bai cire ba. Muka kewaye ta. Agogunan mai da na gudu sun dawo gaban direba, giya tana shiga ba ƙara, ƙofa tana rufuwa da yatsa ɗaya. Malamin Wusasa ya ƙwanƙwasa ragar gaba ya ji roba ce, ya ce, "To Alhaji, a ina za ka gasa masara?" Muka yi dariya. Alhaji ya ce mai irin wannan mota ya wuce cin masara a daji. A gilashin baya akwai wata takarda a manne da rubutun Turanci, Malamin ya karanta mana, wai a yi haƙuri a wuce, mota tana buɗe inji. Alhaji ya yi mana bayani kamar mai wa'azi: sabon inji ba a matsa masa, ba a ba shi gudu, ba a sa shi jan nauyi sai ya yi tafiya ya saki jiki.

Na yi masa murna, Allah ya sani. Har na shiga na murɗa sitiyarin, ya ce in karkaɗe takalmina tukuna.

A tsakiyar daminar nan aka yi mana rasuwa a wani ƙauye bayan Kufena, na ɗauki Inna mu je gaisuwa. Inna ta tsufa a lokacin, gwiwoyinta sun ƙi, kuma mace ce da tun aurenta ba ta fita sai da lulluɓi da dalili. A dawowa, ruwa ya sauka a gabas, muka iso wata fadama da na saba ratsawa, mota ta nutse har gindin ƙofa. Na sa giyar taɓo, tayoyi huɗu suka yi ta wulwulawa, ta ƙara zama. Ruwan rafi kuma yana ƙaruwa, ina ganinsa yana hawa taya.

Sai na ji ƙarar inji a bayanmu. Na juya na ga koriyar mota, na ce, "Inna, Allah ya kawo mana Yaya." Na fito na ciro sarƙa tun kafin ya iso.

Ya bi ta gefen da ƙasa ta fi tauri, ya haye, ya tsaya a tudu. Bai kashe inji ba, bai sauko ba. Ya zuge gilashi kaɗan.

Na ce, "Yaya, ga sarƙa, ja ɗaya ta ishe ni."

Ya ce, "Ai ka san ba ta gama buɗe inji ba."

Na ce, "Inna ce a ciki."

Ya leƙa, ya ɗaga mata hannu, ya ce, "Inna, sannu da hanya. Bari in je in turo muku wani." Ya maida gilashi ya tafi a hankali, kamar yadda takardar bayansa ta ce.

Ruwa ya shigo mota har ƙafar Inna. Ba yadda zan yi, na goya ta. Na taka taɓo har cinya, na zame, muka faɗi tare. Mayafinta ya tafi da ruwa. Manoman da ke noma a gefen fadama suka rugo suka kama ta, maza baƙi, hannu ko'ina, suka fitar da ita tudu kanta a buɗe, furfurarta duk laka. Wani ya kawo jakinsa aka ɗora ta. Haka uwata ta shiga ƙauyen mutane a kan jaki, yara na bin ta. Ba ta yi kuka ba. Malamin Wusasa ne ya zo ya ja ni da yamma, shi ma ba Alhaji ne ya turo shi ba, wucewa yake yi.

Na tsani Alhaji tun daga ranar, tsana ta gaske, wadda ke hana mutum jin daɗin abinci. Bai zo ya ba Inna haƙuri ba. Ya aiko da turmin atamfa, ta sa aka ajiye a ƙasan akwati. Ba ta ƙara ambaton ranar ba, ni ma ban tayar mata ba, amma na lura ko zaure ta daina leƙowa.

A gindin durumi kuma abubuwa suka canza. Kafin kaka wasu sun bi sahun Alhaji sun sayi sabon yayi. Suka kawo benci nasu suka ajiye a gefen da rana ba ta kaiwa. Hirarsu ta koma ta kamfani da garanti, suka daina ba bakanikenmu motocinsu, sai Kaduna. Da na kawo ƙarar abin da aka yi mini, aka yi ta kwana-kwana, ƙarshe aka ce sabuwa ta ja sabuwa, tsohuwa ta ja tsohuwa, wai don kada a lalata wa mutane dukiya. Wasunsu har suka cire sarƙa daga mota, wai tana goge fenti. Mu 'yan tsohon yayi aka fara ce mana masu gwangwani.

Mu ma muka gyara zama. Ma'aikatu suna ta sayar da tsofaffin motocinsu a gwanjo don su sayi sababbi, muka riƙa haɗa hannu muna sayen matattu, muna jibge su bayan gareji. Wanda giyarsa ta lalace ya je ya ciro, wanda sifirin ɗinsa ya karye ya je ya kwance. Ba mu taɓa jin daɗin kayan gyara irin na lokacin ba. Su kuwa masu sababbi, abu kaɗan ya lalace sai a ce kaya suna teku, jirgi bai sauke ba. Ina jin haka sai in ji sanyi a raina, amma ba abin da nake nema ke nan ba. Ni Alhaji nake so in gani a taɓo.

Rani ya zo, na yi ta jiran ruwa kamar manomi. Da damina ta kama, na shiga bin sawunsa. Na san ranakun da yake zuwa sayen hatsi, na san hanyoyinsa. In an yi ruwa da safe, sai in bar kasuwar da ya kamata in ci in bi tasa. Na ƙona mai ba adadi. Matata ta ce ko aljanu sun shafe ni ne, kullum in dawo da kaya ban sayar ba. Sau da yawa ina hango shi ya haye fadama lafiya, motar nan tana da ƙarfi, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai in juya ina cizon yatsa.

Abin da na shirya a raina shi ne in same shi, in tsaya a tudu, in ɗaga masa hannu in wuce. Na maimaita kalmomin da zan faɗa har na haddace.

Ranar ta zo wata Juma'a da hantsi. Rafi ya kawo, shi kuma ya yarda da motarsa fiye da kima, ya afka da gudu. Ruwa ya shiga inji ta mutu a tsakiya. Na iso na tarar da shi tsaye a taɓo, farar babbar riga ta zama ja har ƙirji, hula ta tafi. Ba kowa sai shi. Ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya san abin da ke zuwa.

Na tsaya a tudu. Na buɗe baki zan faɗi haddata, sai na ga abin ya yi mini arha. In na wuce, wa ya gani? Wani mai sabon yayi zai zo ya ja shi, ya wanke riga, ya je masallaci. Inna kuwa gari guda ya kalle ta.

Na sauko da sarƙa. Na ce, "Yaya, sannu. Shiga ka riƙe sitiyari."

Ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce, "Ƙanena, Allah ya yi maka albarka."

Na ce, "Amin."

Ja biyu na fitar da ita. Ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Na ce ai doka ce, sai cikin gari. Wanda bai taɓa zama a motar da ake ja ba ba zai gane ba: ba ka da ikon komai. Dole ka riƙe sitiyari, dole ƙafarka tana kan birki, ido a kan sarƙa. Ba ka iya sauka, ba ka iya juyawa, inda na gaba ya ga dama nan za ka.

Da muka kusa gari ya fara danna oda, yana nuna mini da hannu in bi ta bayan ganuwa in kai shi gidansa ta lungu. Na yi kamar ban gani ba. Na shiga Ƙofar Kibo a giya ta ɗaya, tafiyar da ko tsohuwa mai sanda za ta iya wuce mu. Na bi ta gaban durumi. 'Yan bencin inuwa suka miƙe tsaye. Malamin Wusasa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bakanikenmu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ban tsaya ba. Na ratsa ta bakin kasuwa daidai lokacin da mutane ke haramar masallaci, kowa da farar riga, ana ja da baya ana ba mu hanya. Gwangwanina yana gaba yana hayaƙi, ƙofa ɗaure da igiya, koriyar mota tana biye, mai ita a ciki ba hula, laka ta bushe masa a gemu. Duk wanda ya gaishe ni sai in rage tafiya in amsa masa a tsanake, in tambayi iyali, in ce ai Alhaji ne na taimaka wa. Daɗin da na ji a ranar ban ji shi ba ko ranar angwancina, kuma har yau ban ga laifina ba.

A ƙofar gidanmu na taka birki. Na shiga na ce, "Inna, ki zo zaure, kin yi baƙo."

Ta yi lulluɓi ta fito tana dafa bango. Unguwa ta cika, mata suna leƙe ta katanga. Alhaji ya sauko dole, ya durƙusa a gabanta da rigarsa mai nauyin taɓo. Inna ta tsaya ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Sannan ta fara gaisuwa. Ta tambayi matansa ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yara, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ruwa, ta dawo ta sake tambayar yara. Yana amsawa kansa a ƙasa. Da ta gama ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi ka koma motarka, kada a taɓa maka ita."

Ya tashi ya koma. Na ɗauka an gama, na sunkuya zan kwance sarƙa. Sai Inna ta kira ni da hannu. Na matso, ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba, don na ga kunnen Alhaji ya motsa.

Ta ce, "Kai, kar ka kwance. Bi da shi ta Ƙofar Galadima, ƙanwata ba ta gani ba."