Cokali Uku na Hajiya Suweiba

Wata goma na yi a Kumasi. Ranar da na dawo unguwarmu Nima ban ko ajiye jaka ba, na nufi teburin Hajiya Suweiba mai waace, wato shinkafa da wake, a bakin hanyar da ta gangara Mamobi. Tukunya na nan, kwanon soyayyen yajin shito na nan, amma wata siririyar mata ce riƙe da ludayi, kuma babu layi. Na tambaye ta ina mai wurin. Sai kawai ta zuba min shinkafa da wake a ganye. Na yi loma biyu, na girgiza kai, na shaida mata girkinta bai kama ƙafar na Hajiya ba, gara ta koma ta koya. Sai Mutawakilu tela, da ke gefena a benci, ya taka min ƙafa, ya raɗa min: "Ita ce fa."

Shekara ashirin da uku Suweiba ta yi a bayan tukunyar nan. Daga uwarta ta gaje ta, ta gaji jikin uwar kuma. A nan Zango ƙibar mai abinci talla ce. Direbobin motocin hayan toro-toro kan ce in mai tukunya ta cika benci, ka zauna ba sai ka tambaya ba. Suweiba ta cika benci har ta rage wa maƙwabciyarta mai koko wuri.

Jikin ne ya fara kai ƙara. Suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi, gwiwoyi suka ce sun gaji. Shekara shida a kan kujerar roba take salla, goshinta bai taɓa ƙasa ba. Ta sha shayin rage ƙiba kala-kala, ta sha lemon tsami da ruwan zafi, ta yi tattaki bayan asuba har Kokomlemle, aka dawo da ita a tasi. Abin da ya sauka a wata uku yakan dawo a biki guda.

Likitan da ke duba sugarta ne ya kawo maganar tiyata. Ya zana mata tumbi a takarda, ya ja layi: za a yanke mafi yawansa a cire, a bar siriri kamar ayaba. Ya ce ba a mayar da abin da aka cire, aikin yana da haɗarinsa kamar kowane aiki, kuma za ta riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da na gina jiki har iya rayuwa. Ta yi wata huɗu ana gwaje-gwaje tana istihara, sannan ta sa hannu. Ga mutanen unguwa kuwa cewa ta yi za ta Tamale gaida dangi. A ganinta, mai sayar da abinci ta ce an rage mata ciki, ai ta zagi tukunyarta da bakinta.

Aka yi aikin, ta dawo ta yi makonni a kan romo da koko mai ruwa-ruwa. Da aka ba ta izinin abinci, cokali uku ya ishe ta, na huɗu sai ya tsaya mata a ƙirji. Nama ya fara zubewa, zannuwa suka yi mata yawa, suga ya lafa.

Unguwa kuma ta karanta abin yadda ta saba. Wanda ya rame a Nima ba shi da lafiya, wanda ya rame bai faɗi dalili ba kuwa ciwonsa ba na faɗa ba ne. Matan majalisin wa'azi suka fara zuwa dubiya, kowace da langar tuwo da miyar ayoyo. Su zauna su zuba mata ido, ta ci cokali uku ta rufe, su kalli juna, su fita suna salati. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ambaci abin da ya fi jifa. Layin da kan kai bakin kwata ya koma mutum huɗu. Ga kuma wani mai dogon baki ya dawo daga Kumasi ya ce ɗanɗanon ma ya canza, magana ta zaga tasha kafin azahar. Ran nan rabin tukunya ta mayar gida, abin da uwarta ba ta taɓa yi ba.

A bikin sunan jikar wata Hajiya Zuwera ta yanke shawara. La'asar ta yi, aka jawo mata kujerarta kamar kullum, ta ture ta da ƙafa, ta shiga sahu, ta kai goshi ƙasa. Da aka sallame ta ja Zuwera ɗaki, don ta san abin da Zuwera ta gani Mamobi ta gani. Ta ɗaga riga ta nuna mata ƙananan tabo biyar.

"Ba ciwo ba ne, Yaya. Ciki na kai aka rage, da ƙafata na je."

Bayan kwana biyu layi ya dawo, rabi don waace, rabi don kallo. Tun daga ranar takan zuba cokalinta uku a ƙaramin faranti, ta ci a gaban kowa, a hankali. Mata biyu sun riga sun zagayo ta bayan tebur suna tambayar sunan likitan. Takan ce musu su je a auna su tukuna, ba kowa ake yi wa ba, kuma wuƙa ba ta hana mutum kwaɗayi.

Sai da layin ya kai bakin kwata na yi ƙarfin halin komawa. Na ba ta haƙuri, ta karɓa. Da ta miƙo min ganyen, na auna shi a hannu, na tambaye ta ko likitan ya haɗa da ludayin ya rage. Ta dubi tumbina, ta dube ni.

"Malam, ludayina na nan yadda uwata ta bar min shi. Kai dai in ka je wurinsa, ka ce ya fara da harshe. Cikin zai iya jira."