Khalilu Mai Cika Tanki Har Wuya

A Kukar Madu, wani ƙauye da ke arewa da Minjibir, babu wanda bai san akori-kurar Malam Khalilu ba. Fara ce a da, yanzu ta koma kalar kunun kanwa, ƙofar direba kuma da igiya ake ɗaure ta. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana jan ta, shi kansa ya doshi sittin. Gajere ne mai sanyin magana, ba ya gudu a hanya. Da damina yana noman gero da gyaɗa a gonar gado, da rani kuwa motar ce abincinsa.

A da shi ke kwasar kayan ƙauyukan nan, daga dawa da albasa har awaki. Da wasu direbobin irin su Abdulrashid suka sayi motoci masu sauran ƙarfi, sai lodi ya yi ta zamewa daga hannunsa har ya rage guda ɗaya tak, wato gyaɗar matan da ke yin mai da ƙuli-ƙuli. Duk ranar kasuwar Gezawa shugabarsu, Inna Furera, takan aike shi ya ɗauko musu buhu takwas na ɓararriya a wurin dillalinsu. Sun riƙe shi ne don tsabtarsa. Bai taɓa haɗa abinci da taki ko maganin feshi a bodi ɗaya ba. Wannan lodin shi ke riƙe da gidansa tsawon rani.

Halinsa ɗaya ne ake yi wa dariya. Khalilu ba ya shan mai sai ya ga tanki ya cika har wuya. Yana da dalilinsa. Shekarun baya, lokacin wani ƙarancin fetur, mai ya taɓa yanke masa a tsakiyar gonaki da rana tsaka, ga yayansa kwance a baya ana hanyar asibiti. A amalanken shanu aka ƙarasa da shi. Allah ya sa da sauran kwana, amma Khalilu bai manta ba. Ga shi allurar da ke nuna mai ta daɗe da mutuwa. Don haka idan ya shiga gidan mai, sai ya ɗora tayar baya a kan guntun icce don motar ta karkace. Famfo na tsayawa da kansa, sai ya dafa bodi ya yi ta girgiza ta, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya ga fetur yana ƙyalli a bakin tanki.

Mai ba shi man taubashinsa ne, Yahya, ɗan kawunsa, su biyun duk da furfura. Yahya ya sha gaya masa cewa tsayawar famfo na nufin ya isa, domin fetur yana kumbura idan ya ji zafi kamar ƙullun waina, dole a bar masa wurin tashi.

"Bawana, mota kake shayarwa ko jariri kake jijjigawa?" in ji Yahya.

"Zuba dai, ba wa'azi na zo ji ba. Abin da idona bai gani ba, ban yarda yana ciki ba."

Abin ya faru ne a bazarar bana. Ya cika tanki da hantsi yadda ya saba, ya shiga kasuwa, aka yi masa lodi. Inuwar darbejiyar da yake fakawa wani ya riga shi, sai ya bar motar a rana ya tafi sallar azahar. Da ya dawo, tun daga nesa warin ya tarye shi. Fetur na ɗiga a ƙasa ta gefen tanki, ya jiƙa wuri kamar faɗin faifai, ga wata mai tuyar awara da wutarta ba ta fi taku biyar ba, ga jama'a na ta wucewa. Wanda duk ya ga tazarar nan, har yau ba ya son tuna ta. Khalilu bai ɗaga murya ba. Ya roƙi matar ta kashe wutarta, ya watsa ƙasa a kan jiƙon, ya nemi mutane suka tura motar bayan kasuwa ba tare da an tayar da ita ba.

A can ya gano tushen abin. Tiyon da ke kai mai cikin tanki ya bi ta kusurwar bodi, kuma ya tsage daga can sama, wurin da mai ba ya kaiwa in ba an cika har wuya ba. Buhu biyu sun jiƙe daga ƙasa. Wani mai dako ya ba shi shawara ya shanya gyaɗar a rana ta sha iska, ya cakuɗa da sauran a sabon buhu, ba mai ganewa. Khalilu ya daɗe a tsaye yana kallon buhunan. Ya san da zarar matan sun ji labari, Abdulrashid na nan yana jiran lodin. Daga ƙarshe ya ware biyun, ya ɗaure tiyon da roba, ya kama hanya a hankali.

Bai biya gida ba. Ya yi sallama a zauren Inna Furera, ya gaya mata komai, har girgizar da yake yi. Ta damƙi gyaɗar ta sansana, ta zubar, ta goge hannu da zani. Ta bi sauran shidan ɗaya bayan ɗaya, aka yi sa'a ba su ɗauka ba. Ta ce man gyaɗa yana riƙe wari, mutum ɗaya ya ji fetur a ƙuli-ƙulinsu, sunan mata goma sha huɗu ya ɓaci.

"Malam Khalilu, da ka ɓoye mini, da yau mun rabu," ta ce. "Amma ba ni kaɗai ba ce. Sai na ji ta bakinsu."

Ya buɗe rumbunsa ya mayar musu da gyaɗar da tasa, iyalinsa suka kwana biyu suna ɓara. Duk da haka kasuwa biyu a jere Abdulrashid ne ya ɗauko lodin. Khalilu ya sa bakanike ya canza tiyo, ya wanke bodi da toka da sabulu sau uku. Sauran lokacin yana zaune a ƙofar gida yana gyaran fartanya, alhali ko hadari bai fara haɗuwa ba.

Ranar kasuwa ta uku Inna Furera ta aiko ya zo. Ta shiga gaban mota da mayafinta, ta ce su fara biyawa gidan mai. A gabansa ta gaya wa Yahya cewa daga yau famfo na tsayawa ya zare shi, in Khalilu ya yi gardama ya kira ta, ga lambarta. Yahya ya ce shekara ashirin yake jiran wanda zai ba shi wannan sarautar.

Famfo ya tsaya, Yahya ya zare. Khalilu ya leƙa bakin tanki, bai ga komai ba sai duhu. Ya rufe ya shiga mota. Har suka je suka dawo kunnensa na kan injin.

A ƙofar gidanta ta sa aka kwance bakin buhunan takwas, ta sansana kowanne, matan na leƙe daga zaure. Da ta gama sai ta ce a sauke, ta kuma ce masa mako mai zuwa buhu goma ne, ya zo da wuri.