Ranar da Na Juya wa Dagaci Baya

Shekara ashirin na yi ina aikin nas a sashen masu taɓin hankali, mafi yawansu a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake ajiye waɗanda ciwon ya tsananta. Doka ta farko a ɗakin nan ita ce kada ka ɗauke ido daga majinyaci, balle ka ba shi baya. Ni da kaina na koya wa sababbin ma'aikata wannan, har da tsawa.

Wata damina aka kawo mana wani tsohon dagaci daga wajen Roni. Aka cire masa rawani da hula, kamar yadda ake yi wa kowa. Kwana huɗu bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Likita ta ce tsoron guba yake yi, in bai ci ba zuwa la'asar za a danne shi a zura masa robar ba da abinci ta hanci. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da ya yi shekara talatin yana raba rigimar gona, a danne shi kamar rago?

Na tsaya ina kallonsa, tuwo a gabansa, mu uku a kansa. Sai na tuna kakana a Kazaure. Har ya rasu ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, a shigifa yake ci shi kaɗai. Haba! Wace guba? Idanunmu ne suka hana shi.

Na sallami abokan aikina, na jawo labule, na miƙa masa hularsa hannu biyu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga abinci." Sannan na zauna a ƙasa na juya masa baya.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoro. Ranar da aka kawo shi sai da ya fasa wa wani ma'aikaci leɓe. Ƙeyata har zafi take yi. Na yi ta sauraro, shiru, shiru. Can sai na ji bismilla a hankali, kwano ya motsa.

Ban waiwaya ba. Ina nan zaune hawaye na zubo min, ƙato da ni, sai na ji muryarsa a bayana.

"Kai yaro. Akwai sauran miyar nan?"